Ranar da Firama Ta Ƙi Kama Motar Baffa Iro

Zaƙi na fara ji a can bayan harshena, irin wanda yake saura in mutum ya tsotsi alewa ya daɗe da shanyewa. Ban kuwa sa komai a bakina ba tun kokon safe. Na tsaya da bindigar feshi a hannu ina haɗiyar yawu, sai na lura ƙarar kwamfaresa ta yi nisa, kamar an ɗauke ta an kai bayan gari, alhali ga ta nan dab da ƙafata tana rawa. A jikin ƙofar bayan motar kuma, firamar da na fesa yanzun nan tana ta buɗe 'yan ramuka zagayayyu, ɗaya bayan ɗaya, farin ƙarfe yana leƙowa ta tsakiyarsu. Idon kifi muke ce musu a sana'armu. Ranar dai kam kallona suke yi. Na ce a raina bari in ƙara feshi ɗaya in rufe su, sannan in fita in sha iska.

Sunana Rabi, 'yar Kaikai ce ni ta ƙasar Kusada, amma a Kankia na koyi fentin mota, a garejin Kawu Lawal, ƙanen mahaifiyata. Abin da ya sa nake rubuta wannan, tun da na dawo gida jinya 'yan matan unguwarmu suke shigowa yi mini sannu, kuma da wuya su tashi ba tare da wata ta ce in sa baki Kawu ya ɗauke ta ba. Wata ta ce ai feshi ne kawai, kamar feshin maganin sauro. Wata ta ce ita da ta iya zanen lalle, mota ce za ta gagare ta? Ba na iya yi musu dogon bayani da baki. Numfashina bai gama komawa daidai ba, kuma da na zo kan zancen ranar da na faɗi a cikin tamfol sai muryata ta fara rawa. Da biro ya fi mini sauƙi.

Aikin da na fara taɓawa ƙofar wata motar haya ce mai zirga-zirga tsakanin Kusada da Kankia. Lokacin na gama sakandare, ina zaune a gidan Kawu ina taya matarsa aiki, ni ke kai masa abincin rana. Na same shi yana shafa ƙofar da tafin hannu, idonsa a rufe, kamar mai laluben zazzaɓi a jikin jinjiri. Ya ce in kawo hannuna. Na shafa, na ce akwai ɗan tudu a ƙasan mariƙi. Ya ce shi bai ji ba, tafinsa ya mutu, tina ta cinye shi, wato ruwan nan mai ƙarfin wari da ake tsinka fenti da shi. Ya miƙo mini sanfefa da bokitin ruwa. Daga ranar ban sake mayar da kwanon abinci gida da wuri ba.

Na daɗe a kan sanfefa. Ku da kuke ganin mota ta fito tana sheƙi, ku sani sheƙin nan a ƙarƙashi ake yin sa, inda ba mai gani. A goge da mai kaushi, a bi da mai laushi, a wanke, a bari ta bushe, a sake shafawa. Yatsuna sun yi ta tsagewa har lalle ya daina kama su. Bayan sanfefa na koyi rufe gilasai da tsofaffin jaridu, sannan wanke bindiga, wanda Kawu ya ce shi ne rabin sana'a. Bindigar feshi ba girma gare ta ba. Kofi ne a sama inda ake zuba fenti, sai baki mai ɗan rami kamar na allura, da kunama da ake ja da yatsa, da maɓallai a baya na rage iska da ƙara fenti. Tiyo ya haɗa ta da kwamfaresa mai tura iska. Da mutane suka fara tsayawa a bakin titi suna kallon mace da bindiga, sai Kawu ya ɗaura shuɗin tamfol ta gefen titin, ya ce mai son kallo ya tafi gidan kallon ƙwallo.

Firama ita ce shimfiɗar farko, toka-toka, wadda take kama ƙarfe, fentin launi kuma ya kama ta. Iri-iri ce, amma in an goge mota har ƙarfe ya fito tsirara, ko tsatsa ta taɓa cin wurin, ifoksi ake sa wa. Gwangwani biyu take zuwa, ita da hadina, ruwan da yake sa ta daskare. Kowanne a gwangwaninsa zai shekara lafiya. Da an haɗa su kuwa, ta fara mutuwa ke nan. Sai an bar su sun ɗan zauna sun san juna, in ji Kawu, amma in aka wuce lokaci sai ta yi kauri a kofi, ta daskare a cikin bindiga, a rasa ta a rasa bindigar. Shi ya sa mai feshin ifoksi kullum hankalinsa a rabe yake, rabi a jikin mota, rabi a cikin kofi.

Masu motoci kuwa ba su san da ita ba, kuma ba sa son sani. Wani ɗan kasuwa ya taɓa tsare Kawu wai a tsallake tokar nan a sa masa launi kai tsaye, tunda ba ganinta ake yi ba, shi kuma biki gare shi. Kawu ya nuna masa hanyar mai fentin ƙofofin gida. Mutumin ya tafi da fushi, wani ya yi masa yadda yake so, damina ba ta fita ba motar ta dawo mana da ƙuraje.

A kan wani tsohon bonet da aka jingine a bayan gareji Kawu ya koya mini cututtukan firama. Da gangan yake ɓata feshin, ya ce in faɗi abin da ya yi. In ta sauka da kaushi kamar an watsa rairayi, ya yi nisa da ƙarfen, ko iska ta yi yawa, ta bushe a hanya kafin ta iso. In ta zubo tana hawaye, ya matso da yawa, ko hannunsa ya yi nawa, ko tina ta wuce ƙima. In ta yi kurji-kurji kamar ɓawon lemo, ta yi kauri, iskar ba ta iya fasa ta ba. In bindiga tana tofi tana shaƙuwa, bakin ne ya kwance, ko ɗan ramin murfin kofi ya toshe. In ta kwana ba ta bushe ba tana kama yatsa, to an yi wa hadina rowa. Idon kifi ya bari a ƙarshe. Ya dangwali man inji da yatsa ya taɓa bonet ɗin, ya goge har ban ga komai ba, ya fesa. Nan take idanu suka buɗe.

"Wanga shi ne ba ya jin lallashi," ya ce. "Maiƙo ne, ɗiyata, ko a jikin ƙarhe ko cikin iskarki. In kin gan shi, aje bindiga ki nemi inda ya hito."

Akwai shekarar da Kawu ba ya son a tuna masa, kafin zuwana. Wata tina ce ta cika kasuwa, mai araha, ashe an sirka ta da kananzir. Motocin da ya fesa suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, fenti yana saɓulewa kamar saɓar maciji. Wani direba ya tsaya a bakin gareji, ya kama gefen fentin motarsa ya ja, ya ɗaga wa jama'a su gani. Kawu ya sake fesa su duka, shi kaɗai, a cikin rumfa a rufe saboda ruwan sama. Ya ce a wannan damina ce tari ya kama shi, kuma har yau yana nan, wani busasshen tari mai zurfi wanda in ya taso sai ya dafa mota. Shi ya sa a watannin baya ni ce mai riƙe bindiga, shi yana tsaye a bayana yana gyara mini hannu.

Maganin tarin kuwa, a wajen duk masu fentin da na sani, nono ne. Haka kowa ya taras. In ka gama feshi ka sha nono, zai wanke fentin da ya shiga ƙirji. Akwai takunkumi a garejin, baƙi mai kunnuwa biyu, rataye a ƙusa, amma matatarsa ta daɗe da mutuwa, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ni gefen hijabina nake ninkawa in ɗaure hanci da baki. Da azahar kuma Goggo Hajo za ta iso da ƙwaryarta a ka, daga rugarsu ta wajen Kafinsoli. Dattijuwa ce siririya mai baki, ita da Kawu ba sa haɗuwa ba su taɓa ba. Ya ce nononta ya sha ruwa har tarwaɗa za ta rayu a ciki, ta ce shi da yake sa wa tsofaffin motoci kwalli yana yaudarar bayin Allah ba shi da bakin magana. Ni kuwa kullum sai ta ƙara mini ludayi, ta ce in shanye, ƙirjin mace ba irin na namiji ba ne. Na yarda da nonon nan kamar yadda na yarda da sanfefa.

Motar Baffa Iro a-kori-kura ce, tsohuwa. Makiyayi ne daga wajen Fakuwa, da ita yake kai matan rugage kasuwanni da ƙoren nono da man shanu, wani lokaci da 'yan maruƙa. Fitsarin dabbobi ya ci bayanta, mai gyaran bodi ya yanke ruɓaɓɓen ya yi walda, ya kankare sauran har ƙarfe. Da aka kawo mana, rumfa a cike take, sai Kawu ya ce wa Baffa Iro ya koma da ita gida tukuna, amma ya kiyaye ta, don ƙarfe tsirara a damina ba ya jimawa yake yin ja. Baffa Iro ya ce in Allah ya so ko ɗigon tsatsa ba za mu gani ba. Ya kuwa cika alkawari. Da ya dawo da ita ƙarfen fes yake, har wani laushi yake yi a hannu. Tana ƙamshin man shanu, amma motar da ma ƙamshinta ke nan, ban kawo komai a raina ba.

Da safen ranar da abin ya faru aka aiko wa Kawu rasuwar wani abokinsa a Kusada. Ya sa hula, ya dubi motar, ya dube ni, ya ce firama ce kawai, in fesa kafin ya dawo, launi sai yana nan. Mota ta farko ke nan da aka bar ni da ita ni kaɗai. An yi ruwa da asuba, gari ya yi luf, ƙananan ƙwarin nan masu fiffike sun fito suna faɗa wa duk abin da yake ɗanye. Ƙwaro ɗaya a jikin ɗanyar firama aiki ne sabo. Sai na yi abin da ake yi a kowane gareji in ƙwari sun fito, na sauke tamfol ta kowane gefe, na danne ƙasansa da tayoyi. Cikin rumfar ya koma shuɗi, kamar ƙarƙashin ruwa. Na goge, na kakkaɓe, na shafe da tsumma, na haɗa firama da hadina, na jira su, na tace, na yi bisimilla.

Feshin farko ya kwanta lafiya na ɗan lokaci, sannan idanu suka fara buɗewa, mafi yawa a bakin walda da inda tsatsa ta bar ƙananan ramuka. Na aje bindiga yadda aka koya mini. Iska na fara zargi, don a damina kwamfaresa tana tara ruwa a cikinta. Na kwance ƙusar ƙasan tanki, wani jan ruwa ya tsiyaye, na ce na kama ɓarawo. Na busa tiyo a kan farar takarda, ba ɗigo. Na jiƙa tsumma da tina na share ɗanyar firamar duka, na sake fesawa. Idanu suka dawo a wuraren ɗazu, har da ƙari. Na kwance bakin bindiga na wanke a cikin tina, na sake share ƙofar, na sake fesawa daga nesa, sama-sama, ko za ta sami abin kamawa. Ta yi kaushi, idanun kuma suna nan a cikin kaushin. Ina leƙa kofi ina ganin firamar tana ƙara kauri. Kwanon tina a buɗe, jiƙaƙƙun tsummoki a ƙasa, tururin feshi ya rasa ƙofar fita yana ta kewaya ni. A nan ne zaƙin ya zo.

Abin da ya biyo baya ba a jere yake a kaina ba. Na san na ɗaga bindiga. Na san hannuna ya ci gaba da tafiya dama da hagu shi kaɗai, ina kallonsa kamar hannun wata. Tururin ya yi kauri, sai na ga shanu toka-toka suna ratsa shi a hankali, ba ƙarar kofato. Idanun jikin ƙofar suka zama ɗigon ruwan sama a kan tafkin bayan gidanmu na Kaikai, kowanne ya buɗe ya faɗaɗa, wani ya buɗe a cikinsa. Na ji Inna, mahaifiyata, tana kirana daga wani wuri mai nisa, ina so in amsa, harshena ya yi nauyi. Ba zafi ko kaɗan. Abin da har yau yake tayar mini da tsikar jiki ke nan, daɗi ma nake ji. Na tuna na ce bari in ɗan zauna a gindin taya, ƙasa kuma ta yi laushi kamar sabuwar katifa.

Goggo Hajo ce ta same ni. Ta ce ta yi sallama ba a amsa ba, inji yana ta ƙara, ta ɗaga tamfol wari ya buge ta har ta ja da baya. Ta aje ƙwarya ta jawo ni waje ta ƙafa, tana kiran jama'a. Makanikai da masu walda suka taru, kuma duk wanda ya zo abu ɗaya yake faɗa, a ba ta nono, fenti ne ya shige ta. Ina kwance a ƙasa ban san inda nake ba. Wani ya ɗaga kaina, wani ya buɗe bakina, Goggo ta riƙa ɗura mini da ludayi tana addu'a. Abin da na fara sani da na dawo duniya shi ne ina nutsewa. Fari ne ko'ina, a hancina, a maƙogwarona, ina neman iska ina samun nono. Na yi tari har na yi amai, jama'a suka yi hamdala, suka ce ga fentin nan ya fito.

Aka kai ni gida, da yamma har na zauna na sha shayi. Kawu ya dawo, ya zauna a bakin ƙofa yana juya hularsa. Washegari zazzaɓi ya rufe ni. Gefen dama na ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa, in na ja numfashi sai ya tsaya a rabi ya ƙi sauka. Matar Kawu ta ce leɓena ya sauya launi. Da hantsi aka sa ni a mota zuwa asibiti, kuma ban tuna komai na hanyar ba sai kawunan itatuwa da suke wucewa ta taga.

Aka ɗauki hoton ƙirjina, aka sa mini robar iska a hanci, aka maƙala mini wani ɗan abu a yatsa mai nuna ko iskar tana isa jini. Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta tambayi Kawu komai dalla-dalla, da abin da na shaƙa, da abin da aka yi mini bayan na faɗi. Da ya zo kan nono sai ta aje biro. Ta ce tururin tina da firama shi ya kayar da ni, ya kuma ƙona hanyar iska, amma farin da take gani a hoton, a ƙasan huhun dama, nono ne da ya bi hanyar da ba tasa ba, ya zauna ya haifar da ciwo. Ta ce nono ciki yake zuwa, fenti kuwa huhu, ba inda suke haɗuwa balle ɗaya ya wanke ɗaya, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa ko ruwa ba a ba shi. Kawu ya ce shi fa shekara da shekaru yana sha. Ta ce ta ji tarinsa tun daga baranda, in an gama da ni shi ma tana son ganinsa. Sannan ta faɗi abin da ya sa Inna, wadda ta iso daga Kaikai a lokacin, ta tashi ta fita waje. Za a yi mini allurai a jira. In huhun ya karɓa, to. In farin ya bazu sai an wuce da ni babban asibiti, kuma ba ta yi alkawarin komai ba.

Kwanakin nan a haɗe suke a wurina, kamar launuka da aka zuba a kofi ɗaya. Silin ɗakin yana da wani tabo na yoyo, in zazzaɓi ya hau sai in ga yana buɗe ido. Robar hancina tana wani siririn huci irin na tiyo mai ɓuli, in yi ta neman inda zan ɗaure. Na riƙa fesa bangon ɗakin a raina, daga sama zuwa ƙasa, kowane layi ya hau rabin na baya, kuma kullum kafin in kai ƙarshe firamar ta daskare a kofi. In na farka sai in dubi ɗan abin yatsana, in dubi fuskar Inna, don ita ta fi saurin nuna mini inda ake.

Baffa Iro ya zo dubiya, ya bar kazar da ya kawo a wajen mai gadi. Ya tsuguna a gefen gado yana ta jajantawa, ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, mota ce da ya kula da ita iyakar kulawa. Kawu ya tambaye shi wace irin kulawa. Ya ce ai da aka ce kada tsatsa ta taɓa ta, sai ya yi mata abin da suke yi wa wuƙa da adda da bakin gatari in damina ta shigo. Ya sa aka kawo man shanu mai kyau, ya shafe ƙarfen kaf, ya bar ta a rana ya shiga sosai. Ranar da zai kawo ta kuma ya goge da tsumma, don kada mu ga maiƙo mu ce ƙazami ne.

Kawu ya sunkuyo wajensa.

"Man shanu, Iro?"

"Na gidana ma. Ban sa na saye ba."

Kawu ya fara dariya, dariyar ta koma tari, har sai da ya fita waje. Ni ma na so in yi, ƙirjina ya hana. Amma wani abu ya kwance a kaina, don tun da na farfaɗo nake neman inda maiƙon ya fito. Ga shi nan ku riƙe, ku masu son koyo. Man ya narke ya shige ramukan tsatsa da bakin walda, sanfefata ta baza shi, tsummana na tina ya narkar da shi ya sake shimfiɗa shi. Abin da motar take so ruwan zafi ne da garin sabulu, a wanke a sake wankewa, a bi da tsumma mai tsabta a jiƙe da wani busasshe a bayansa, kowanne shafa ɗaya a jefar. Da kuma tambaya. Kafin ki haɗa gwangwani biyun nan, ki tambayi mai mota ina ta kwana, me aka shafa mata. Kuma kome yawan ƙwari, rumfa ta zauna a buɗe gaba da baya, takunkumi mai rai a fuska. Ƙwaro dai sanfefa tana cire shi.

Goggo Hajo kuwa ba ta shigo ba. Labarin abin da likita ta ce ya kai mata. Inna ta ce kullum da azahar tana zuwa, ta aje ƙwaryarta a gindin darbejiya a harabar asibiti ta zauna, ba ta sayarwa, in la'asar ta yi ta ɗauka ta tafi. An ce ta shigo, ta ce ba ta da fuskar da za ta dube ni da ita. Na aika a gaya mata ita ta jawo ni daga cikin tamfol, in ba ita ba da yanzu wani zancen ake yi. Ta ce a gaya mini ta ji.

Ranar da zazzaɓin ya kwana bai dawo ba, likita ta zo da safe ta ce za ta cire robar ta ga ko huhun zai riƙe kansa. In ya riƙe har la'asar, an wuce wurin. Ta zare ta. Hancina ya ji iskar ɗaki, mai warin magani da ɗan ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na kwanta ina jan numfashi a hankali, kamar mai ɗauke da kofi cike. Inna tana jan carbi, Kawu a bakin taga. Hasken tagar ya taso daga ƙasa ya hau gado, ya hau ƙafata, sannan hadari ya haɗu ya ɗauke shi. Sau da yawa numfashin yana zuwa inda yake tsayawa a da, sai ya ɗan wuce. Na ji kiran azahar, na ji an fara yayyafi a kan kwano. Na lumshe ido, shanun nan toka-toka suka zo bakin barcina suka tsaya, ban bi su ba.

Ana kiran la'asar likita ta dawo. Ta dubi abin yatsana ta daɗe. Ta sa abin sauraro a bayana, ta ce in ja, in sake ja, in ja har ƙasa. Na ja. Ya tafi, ya tafi, ya sauka har wani wuri da na manta akwai shi a jikina.

"Rabi, kin fita," ta ce. "Huhun ya buɗe. Saura hutu da magani."

Inna ta kifa kanta a kan katifa. Kawu ya juya ya fuskanci taga. Ni kuwa abin da ya fito daga bakina ban shirya shi ba, tambaya na yi ko an yarda in sha nono.

Likitar ta dube ni, ta dubi taga, inda ake hango wata dattijuwa a gindin darbejiya tana rufe ƙwarya da faifai saboda yayyafi, tana shirin ɗauka.

"Abinci ne, ki sha," ta ce. "Amma a zaune, da hannunki."

Kawu ya riga kowa fita. Ina jin muryarsa a harabar, cikin ruwa, yana kiranta, yana cewa ta kawo ruwan nan nata da take ce wa nono, akwai mai saye.